Yadda zaka fito da bidiyon biki daga tsohon faifan DVD har ka iya yanka shi a kwamfutarka

Kwanakin baya Yayata ta aiko mun da wani faifai a cikin baƙar leda, na bikinta ne da aka yi tun 2010, ta kira ni tace auta don Allah ka ciro mun gurin da Hajiya kaka take mun faɗa daren da za'a kaini, bai fi minti huɗu ba, so nake in tura wa 'yan uwa a WhatsApp. Hajiyar ta daɗe da rasuwa Allah ya jiƙanta, kuma duk gidanmu babu inda muryarta ta rage sai cikin faifan nan. Nace haba Yaya wannan ai ba aiki bane, ki bani zuwa magariba. Toh kwana biyu cur na yi a kansa, kuma yawancin lokacin a kan kurakuraina ya tafi, shi yasa nace bari in rubuta yadda abun yake saboda na san gidaje da yawa akwai irin waɗannan fayafayan a ƙasan akwati ko saman wardirof, na biki, na suna, na saukar Alƙur'ani, na dawowar alhazai, kuma rabonsu da shiga na'ura an fi shekara goma.

Abu na farko dai sai ka samu abun da zai karanta faifan. Laftof ɗin yanzu yawanci sun daina zuwa da gurin saka faifai, in taka irin tsohuwar nan ce mai aljihu a gefe to ka huta, in kuma ba haka ba sai ka nemi na waje wanda ake jonawa ta USB, a Kano in ka shiga Beirut Road ko Farm Center ka ce musu external DVD kake nema zasu gane. Ko ka ara, don aikin kwana ɗaya ne. Wasu suna zuwa da kai biyu na USB, to duka biyun zaka soka saboda ɗayan na ƙarin wuta ne, in ka soka ɗaya kawai zaka ji faifan yana juyawa yana tsayawa kamar mota ba mai.

Kafin ka saka, ɗaga faifan ka kalli bayansa a haske. In kaga launinsa yana ɗaukar ido kamar shuɗi-shuɗi ko algashi mai duhu to irin wanda masu ɗaukar bidiyo ke ɗorawa ne a shago, DVD-R, kuma shi wannan wani rini ne a cikinsa yake riƙe da bayanan, zafi da rana suna cinye shi a hankali, ba kamar na kamfani mai launin azurfa ba. Ka goge shi da tsumma mai laushi, daga ramin tsakiya ka ja zuwa baki, miƙe, kar ka goge shi zagaye, don bayanan a zagaye suke kwance, in ka karce shi a kan layinsu ka kashe dogon guri lokaci ɗaya. Masu cewa a shafa man goge baki a kan karcen faifai, ni dai ban yarda a fara da shi ba, sai in komai ya ƙi kuma ka riga ka kwashe abun da zai kwasu.

Yanzu ga maganar da tafi komai muhimmanci a gurina: kar ka yi aiki kai tsaye a kan faifan. Ka fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa cikin kwamfuta tukunna. Nima kuskuren da na fara yi kenan, na buɗe manhaja na nuna mata faifan tana karantawa tana juyawa, ta kai kusan rabi aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗina kuma dama sai a hankali, na dawo na sake daga farko, faifan da dama da ƙyar yake numfashi na sa shi ya yi ta juyi a banza. In ka kwafe sau ɗaya shikenan, ka mayar da shi ledarsa, duk gwajin da zaka yi a kan kwafin ne.

Idan ka saka faifan kar ka bari ya fara wasa da kansa, ka shiga This PC, ka danna dama a kan faifan ka zaɓi Open. Zaka ga folda mai suna VIDEO_TS, wani lokaci da wata AUDIO_TS a gefenta wadda yawanci babu komai a ciki, rabu da ita. VIDEO_TS ɗin zaka ja gaba ɗayanta ka ajiye a cikin kwamfuta. Faifai mai shimfiɗa ɗaya giga 4.7 yake ɗauka, mai shimfiɗa biyu kuma 8.5, don haka ka tabbata kana da fili, kuma ka bashi kamar kwata zuwa rabin awa.

In ka leƙa cikin foldar zaka ga fayiloli kala uku. Masu ƙarewa da IFO su ne kamar taswira, su ke gaya wa na'ura ga inda babi kaza ya fara ga menu ga sauti. Masu BUP kwafin IFO ne na ko-ta-kwana. Naman yana cikin masu VOB. Zaka ga VTS_01_0.VOB, wannan yawanci menu ne, irin hoton ango da amarya da furanni suna yawo ana kiɗa, sai VTS_01_1.VOB, VTS_01_2.VOB, har zuwa inda ya tsaya, kuma zaka lura duk girmansu ɗaya kusan giga 1 banda na ƙarshe. Ba wai mai bidiyon ne ya raba kamu daban ɗaurin aure daban ba, ƙa'idar DVD ce ta ce kada fayil ɗaya ya wuce giga 1, sai a datse shi duk inda ya kai, ko da tsakiyar magana ne. Ni faɗan Hajiya a daidai gaɓar nan ya faɗo, rabinsa a ƙarshen na 3 rabi a farkon na 4. In babu wutsiyar sunayen a gurinka, wato baka ganin VOB da IFO ɗin, ka shiga View ka kunna File name extensions.

Af, wani abu. In ka buɗe baka ga VIDEO_TS ba sai ka ga MPEGAV da fayil mai suna AVSEQ01.DAT a ciki, to ba DVD bane a hannunka, VCD ne, kuma da yawa daga bukukuwan farkon shekarun 2000 a kansa aka ɗora su. Shi ma kwafe DAT ɗin zaka yi, manhajar kallon bidiyo ta VLC na buɗe shi, sai dai ka sani hotonsa 352 ne a 288, babu wata manhaja da zata mayar maka da shi garau, abun da babu babu ne. Kuma shi CD bayanansa suna dab da saman da ake rubutu ne, don haka karcewar sama tafi ta ƙasa illa, saɓanin DVD da nasa suke tsakiyar roba biyu a manne. In kuma ƙaramin faifan kyamara ne ɗan santimita 8 ɗin nan, ka saka kwamfuta ta nuna maka wai babu komai a ciki, kar ka yarda ta yi masa format ko da ta roƙe ka, yawanci ba'a rufe shi bane, abun da suke kira finalize, kuma kyamarar da ta ɗauka ko irinta ita ke rufewa. Wata manhaja mai suna IsoBuster ma tana iya leƙa irinsu.

Idan ana cikin kwafa Windows ta tsaya ta rubuto maka cyclic redundancy check, ta ci karo da gurin da ya lalace kenan. Kar ka tsaya kana ta danna Try Again har faifan ya yi zafi. Ka tsallake wannan fayil ɗin ka kwashe sauran ɗaya bayan ɗaya, sannan ka dawo kansa, ka sake gogewa, in ya ƙi ka gwada wata na'urar daban don wallahi ba ƙarfinsu ɗaya ba, abun da wata ta kasa wata sai ta wuce shi salin alin. Masu Linux suna da ddrescue, shi baya zuciya, yana kwashe masu kyau tukunna ya rubuta inda ya tsallake sannan ya dawo yana lallaɓa su.

Toh an kwafe. Me yasa ba zaka ja VOB ɗin kawai ka jefa cikin CapCut ko wata manhajar editin ba? Gwada ka gani. Wata zata ƙi karɓa sam, wata ta karɓa babu sauti saboda sautin DVD yawanci AC-3 ne, wata kuma ta nuna maka wai tsawon fayil ɗin sakan goma sha ne alhali ya kusa rabin awa, don lissafin lokacin da ke cikin VOB ba'a yi shi don a buɗe shi shi kaɗai ba. Wasu suna canza wutsiyar daga VOB zuwa MPG, wani lokacin yana ci tunda hoton ciki MPEG-2 ne dama, amma matsalar gaɓar nan tana nan, zaka ji sauti ya ɗan yi tsalle a inda aka haɗa.

Hanyar da zan ba kowa shawara ita ce HandBrake, manhajar da ke juya bidiyo zuwa irin su MP4. Kyauta ce, ka sauke ta daga shafinsu na asali kawai, kar ka bi waɗancan masu cewa free DVD converter da zasu cika maka kwamfuta da talla sannan su manna tambarinsu a tsakiyar fuskar amarya. A Windows zata nemi ka saka .NET Desktop Runtime, ka saka, kuma sababbin fitowarta sai Windows 10 zuwa sama. Ka buɗe, gurin Open Source ka zaɓi folda, ka nuna mata VIDEO_TS ɗin da ka kwafe gaba ɗaya ba VOB guda ba. Amfanin haka shi ne zata karanta IFO ta haɗe gutsattsarin nan da kanta ba tare da gaɓa ta fito ba. A gurin Title zaka ga jerin abubuwan da ke ciki da tsawon kowanne, mafi tsawo shi ne bikin, in kuma mai bidiyon ya raba ranaku zaka ga biyu ko uku, kowanne sai ka saita shi ka danna Add to Queue.

A Preset ka ɗauki Fast 576p25. Dalili, mu nan tsarin PAL muke, hoton 720 ne a 576, hoto 25 a sakan ɗaya. In faifan daga Amurka aka aiko shi to NTSC ne, 720 a 480, sai ka ɗauki mai 480p30. Kar ka ce bari in zaɓi 1080p don ya ƙara kyau, babu abun da zai ƙaru sai nauyi da ɓata lokaci.

Daga nan abubuwa uku zaka taɓa, kuma su ne suka cinye mun kwana biyun nan.

Na farko a shafin Video. Framerate ka sa Same as source, sannan a ƙasansa ka zaɓi Constant Framerate. In ka bar shi yana hawa yana sauka, a VLC zai yi lafiya lau, amma kana jefa shi cikin manhajar editin sai ka ga baki na motsi magana na biyo baya, kuma abun haushin a farko daidai suke, sai an yi nisa tazarar ke buɗewa, ka kai gurin da kake so ka tarar Hajiya ta rufe baki amma ana jin muryarta. A gurin Quality kuma akwai lamba da ake kira RF, ita juye take, ƙaramar lamba ita ce inganci mai yawa. Don kallo kawai 20 ta isa, amma tunda editin zaka yi kuma manhajar editin zata sake matse shi karo na biyu in zaka fitar, ni 17 ko 18 nake sawa. Duk matsa ɗaya da ɗan abun da take ci, kamar fotokofin fotokofi, shi yasa ake barin na tsakiyar da ɗan ƙiba.

Na biyu a shafin Filters. Kyamarorin lokacin nan don talabijin mai ƙusumbi aka yi su, kowane hoto rabi biyu ne da aka ɗauka a lokuta daban, layukan mara sannan layukan cika, talabijin ɗin ya saƙa su. A fuskar kwamfuta ko waya sai ka ga duk abun da ya motsa gefensa ya yi haƙora kamar matajin kai, musamman gurin rawa ko in ana liƙi hannu na sama na ƙasa. Maganinsa Deinterlace. HandBrake tana zuwa da Decomb a kunne, yana duba hoto in yaga haƙoran ya gyara, yawanci ya wadatar. In ka duba har yanzu kana ganinsu ka canza zuwa Yadif ko Bwdif ka kashe Interlace Detection don ya bi kowane hoto. In kana so motsin ya yi sulɓi irin yadda yake a talabijin, ka zaɓi Bob sannan ka mayar da Framerate 50. Ni na fi son haka a gurin rawa, amma don tura wa a WhatsApp 25 ma ba laifi. Ka gyara wannan tun yanzu, don in ka bari har aka canza girman hoton da haƙoran a jiki sun zauna kenan, sai dai ka sake daga VOB.

Na uku a shafin Dimensions, shi ne wanda ya sa Yaya ta ce mun auta wannan ai ba fuskata bace. Ɗigon hoton DVD ba murabba'i bane, 720 a 576 ɗin nan na'ura ce ke miƙe shi ya zama 768 a 576 in mai kusurwa huɗun da ne wato 4:3, ko 1024 a 576 in mai faɗi ne 16:9. Akwai 'yar alama a cikin fayil ɗin da ke faɗin haka, wasu manhajojin editin suna karanta ta wasu ko oho, sai kowa ya fito a tsuke kamar an matse shi a ƙofa. Ka sa Anamorphic a None don ta fitar da shi da ɗigo na daidai. Ka kuma duba Cropping, tana yanke baƙin gefe da kanta, wani lokacin in gurin da duhu, irin bidiyon dare da fitila ɗaya a kan kyamara, sai ta zarce ta ci hoto, in kaga lambobin sun yi yawa ka mayar da su sifili. Hanyar gwaji mai sauƙi, ka nemi wani abu da ka san zagayayye ne a cikin bidiyon, faranti ko tayar mota ko bakin kalangu, in ya fito kamar ƙwai to da sauran gyara.

Sauti ka bar shi AAC, ka ɗaga shi zuwa 192 in kana so, format kuma MP4. Kafin ka danna Start Encode ka danna Preview ka sa ta yi maka sakan 30 daga tsakiya ka kalla, ya fi ka jira awa guda sannan ka gano ka yi kuskure. Kuma in guri ɗaya kake nema kamar ni, a saman nan kusa da Title akwai Range, ka canza shi daga Chapters zuwa Seconds ka rubuta daga ina zuwa ina, ka ɗan bar rara gaba da baya. Da na san wannan tun farko da kafin magaribar na gama da gaske. Ka jona caja, ka ɗaga laftof ɗin daga kan katifa don fankarta ta sha iska, aikin nan yana sa ta zafi sosai.

Ga waɗanda basa tsoron baƙin allo, akwai hanyar ffmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni a baƙin allon Windows mai suna cmd. Ka buɗe cmd a cikin foldar ka fara haɗe gutsattsarin:

copy /b VTS_01_1.VOB+VTS_01_2.VOB+VTS_01_3.VOB+VTS_01_4.VOB hade.vob

Kar ka manta da /b ɗin nan, kuma kar ka sa mai 0 a ciki tunda menu ne. Sannan:

ffmpeg -i hade.vob -vf "yadif,scale=768:576,setsar=1" -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac -b:a 192k biki.mp4

In mai faɗi ne ka mayar da 768 ɗin 1024. In ka sa bwdif a madadin yadif zai baka hoto 50 a sakan, don shi haka yake zuwa. Masu aikin editin na sosai, waɗanda zasu gyara launi su yi ta yanka, sun fi son wani tsarin bidiyo mai suna ProRes saboda kowane hoto a cikinsa cikakke ne kwamfuta bata wahala in kana ja gaba da baya, sai ka canza zuwa -c:v prores_ks -profile:v 1 -c:a pcm_s16le ka fitar da shi MOV, amma ka shirya fili don awa ɗaya tana haura giga 10. Don bikin gida ni ban ga dalilin wannan wahalar ba.

Akwai kuma wanda shi ba editin zai yi ba, yanka kawai yake so ba tare da an taɓa ingancin ba ko kaɗan. Wannan manhajar Avidemux zai nema, ya buɗe VOB na farko zata tambaye shi ko ta haɗo sauran ya ce eh, ya bar Video Output da Audio Output duk a Copy, ya yi amfani da kibiyar sama da ta ƙasa gurin matsawa don su ke sauka a kan cikakkun hotuna, waɗanda a DVD suke zuwa kusan duk rabin sakan, ya sa alamar A da B ya ajiye. Cikin sakanni ya gama tunda ba'a sake matsawa. MakeMKV ma haka take, tana juye faifan zuwa MKV yadda yake, tana da kyau don ajiya, sai dai ba kowace manhajar editin ke son MKV ba, kuma tana tsallake duk abun da bai kai minti biyu ba sai ka canza a saitinta. VLC ma tana da Convert, na gwada, sau biyu sauti na zamewa, na haƙura da ita a gurin kallo kawai.

Duk wannan bayanin a kan faifanka nake magana, na gidanku, wanda ku kuka biya aka ɗauka. Fayafayan kamfani da yawa suna da kulle kuma HandBrake ita kaɗai bata buɗe shi, finafinan Hausa kuwa ko babu kulle haƙƙin masu shi ne, kowa ya san yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai a Kano, ba sai na ƙara da nawa ba.

In ka gama kar ka goge VIDEO_TS ɗin nan don ka samu MP4, ita ce uwar, gobe in ka gano ka yi kuskure ko an samu manhajar da tafi ta yau gurinta zaka koma. Ka ajiye ta guri biyu, cikin kwamfuta da kuma hadis na waje ko Google Drive in kana da data. In filash zaka saka kuma ya ce maka fayil ya yi girma alhali kana ganin fili, to tsarin filash ɗin FAT32 ne, baya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, su VOB zasu shiga tunda giga ɗai-ɗai ne amma hade.vob ko MOV ɗin ba lallai ba, sai ka kwashe kayan ciki ka yi masa format zuwa exFAT. Gurin turawa a WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin Document, in ka tura ta gallery zai sake matse shi fuskoki su dagule.

Haka na tura wa Yaya nata, minti huɗu da 'yan sakanni, Hajiya na zaune bakin gado da carbinta tana cewa ki riƙe sirrin mijinki. Bata ce komai ba sai can dare ta turo mun murya tana shessheƙa, wai ashe akwai faifai na biyu na ranar buɗar kai, gobe zata bayar a kawo mun. An kawo, na duba bayansa duk ya sha karce, uku sun kwafu, VTS_01_4 ya tsaya a cyclic redundancy check, ranar Asabar zan je in aro na'urar wani abokina in gwada a kanta.